Kwaɗo a Bakin Tankin Malam Sabo

Samarin da ke zama a bencin garejina da yamma sun gama yanke hukunci cewa kanikanci ya zama aikin zaune. Wai yanzu sai ka jona 'yar na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ta gaya maka abin da ya mutu, ka aika Kano a kawo, ka kunce tsoho ka ɗaura sabo. Ba na musu da su, don rabin maganar gaskiya ce. Na'urar tana faɗin abin da ya mutu. Abin da ban taɓa gani ba shi ne ta sauko ta kwanta a ƙarƙashin mota ta kunce shi.

Ni a nan Kazaure na koyi aiki, wajen wani dattijo da muke ce wa Baba Ila, zamanin motocin kafireta. A bayan garejinsa akwai ƙwarangwal ɗin wata tsohuwar babbar mota da ruwan damina ya daɗe yana duka, kuma duk wanda aka kawo koyon aiki daga nan yake farawa. Za a ba ka sifana da gwangwanin kananzir a ce ka je ka kunto noti. Idan ka karya, Baba Ila ba ya duka, ba ya zagi. Sai ya ɗauki guntun ya jefa maka a aljihun riga, ka yi ta yawo da shi har a tashi aiki. Aljihuna ya yage kafin in gane abin da yake koya mana, cewa notin da tsatsa ta kama ba da ƙarfi ake kunce shi ba. Sai ka fara ɗaure shi kaɗan kamar mai ƙara masa, ka saurara da tafin hannunka, sannan ka dawo baya. Har ya rasu ban taɓa ganin ya sa wa sifana doguwar roda don ya ƙara ƙarfi ba, kuma abin da samari ke fara nema ke nan a yau.

Aikin da nake so in ba ku labari ya zo ne a shekarar da man fetur ya yi tsadar da ba mu taɓa gani ba. Masu motoci suka jingine su a gindin bishiya suka koma babur. Garejin nan sai ka yini ba ka ji ƙarar guduma ba, na koma gyaran injin ban-ruwa na masu lambu don a samu na cefane. A shekarar ce kowane mai mota ya koyi kallon allurar mai, kuma da yawa suka koyi kallon direbobinsu da wani irin ido.

Ana cikin haka wata safiya farar a-kori-kura ta Hajiya Asabe ta shigo. Hajiya Asabe mai sayar da gishiri da kanwa ce, ta ci gaba da kasuwancin bayan rasuwar mijinta. Direban kuwa Malam Sabo ne, mutumin wajen Gwiwa, wanda ke jan motar tun ranar da marigayi Alhaji ya kawo ta daga Kwatano. Shi ke kai kaya Babura da Kanya Babba da Yankwashi, ya zagaya Roni da Gwiwa ranar kasuwarsu. Ya girme ni, ba shi da yawan magana, kuma ban taɓa ganinsa ya shiga mota bai share kujera da tsumma ba.

Kafin in dubi inji, idona ya sauka a kan bakin tanki. An yi waldar kunnuwan ƙarfe biyu a murfin, an rataya wani ƙaton kwaɗo irin na ƙofar shago. Na ji kunya a madadinsa, har na rasa inda zan sa idona.

"Malam Sabo, wannan fa?"

"Na Hajiya ne," in ji shi. "Makullin yana wajen ƙaninta Nasiru. In zan sha mai sai ya biyo ni a babur ya buɗe, a zuba, ya rufe."

"A gidan mai? A gaban mutane?"

"To a ina ake shan mai, Malam Hamisu?"

Da muka zauna ya ba ni labarin a taƙaice. Motar ta fara shan mai fiye da ƙa'ida. Man da a da yake kai shi Babura ya dawo da saura, yanzu kafin ya baro Kanya Babba a hanyar dawowa allura ta kwanta. Nasiru ya ce zuƙe shi ake yi a sayar wa 'yan bumburutu, shi ya sa aka sa kwaɗo. Da aka sa kwaɗo man bai daina tafiya ba, sai aka ce ai ta tiyon ƙasa ake ja. Yanzu an gaya masa in aka ci kasuwar Babura mai zuwa abin bai canza ba, ya ajiye makullin mota.

"Ba ajiye makullin ne damuwata ba," ya ce. "Ina da gona. Amma a tasha yaran da na koya wa tuƙi sun fara cewa a ɓoye galan, ga Malam Sabo nan. Da wasa suke faɗa, na sani. Ina da 'ya'ya a garin nan."

Na sa yatsa a bakin salansa, ya fito baƙi ƙirin, ga warin ɗanyen mai. Na kunce fulogi, duk sun yi baƙi kamar gindin tukunya. Motar da ake sace wa mai ba ta yin haka, wannan da kanta take shanye abinta. Na shiga gaba na murɗa makulli ina neman 'yar fitilar nan mai ruwan ɗorawa da ke kamawa in inji yana da ƙorafi, ban gan ta ba. A daidai wurinta akwai wata tsohuwar sitika mai ɗauke da addu'ar tafiya, ta koɗe saboda rana. Na ɗaga gefenta da farce, sai ga fitilar a ƙasa tana ci abinta.

"Wa ya manna wannan?"

Malam Sabo ya ce, "Ni ne. Marigayi ya ce hasken yana damunsa in muna tafiyar asuba. Aka ce mana ai duk motar Kwatano haka take."

Ban yi masa dariya ba, don rabin motocin da ke bin hanyar nan haka suke. Wani ya manna sitika, wani ya liƙa baƙin salatif, mai ƙoƙari ya kai wa mai wayarin ya cire ƙwan gaba ɗaya. Tun da fitilar ta saba kamawa a kan ƙaramin abu aka rufe mata baki, ranar da ta zo da babbar magana babu mai ji.

Na aro na'ura a wajen wani mai wayarin, ta nuna abin da na riga na zarga, wato sensar salansa. Ga waɗanda ba su san ta ba, wata 'yar aba ce kamar fulogi mai jelar waya, ana murɗa ta a jikin bututun salansa. Aikinta ta riƙa shinshina hayaƙi tana gaya wa ƙwaƙwalwar mota ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. In ta mutu tana cewa mai bai isa ba, ƙwaƙwalwa sai ta yi ta turawa. Nan aikin na'ura ya ƙare, kuma bai ɗauki lokacin shan kofin shayi ba.

Da na shiga ƙarƙashi na ga inda aikin yake. Motar da ma daga ƙasar sanyi ta fito, inda aka ce gishiri suke zuba wa hanya, ta zo da tsatsarta. Ta zo nan kuma ta faɗa hannun masu gishiri. Duk damina ruwa ya jiƙa buhuna, ya tsiyaya ta tsakanin kan mota da bodi, ya bi ƙarfe ya sauka a kan bututu. Sensar da ɗan wuyan da aka murɗa ta a ciki sun zama abu ɗaya, ba ka gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Bututun kuwa na ƙwanƙwasa shi da gindin sifana na ji ya yi sirantar gwangwanin madara.

Maƙwabcina Audu mai walda ya leƙo ya ce, "Yanke wurin kawai, in ɗora maka noti in yi walda. Kafin azahar an gama."

Da bututun yana da nama da na yarda. Amma wuta tana taɓa irin wannan ƙarfe sai ya huje, ka toshe nan can ya buɗe. Kuma ko ƙofa kamar ta allura ta rage a gaban sensa, iska za ta shiga, sabuwar ma ta ce mai bai isa ba, mota ta ci gaba da sha. Bututun irin wannan tsohuwar mota kuwa ko a Kano sai an yi sa'a. Ke nan hanya ɗaya ce, sensar ta fito ta bar tiredin wuyan lafiya, wato layukan nan da ake murɗa abu a kansu. In na sule su ko na karya ta a ciki, motar ba za ta je Babura a gyare ba, kuma abin da za a faɗa a gari shi ne an kai wa makaniki ma bai sami komai ba.

Sai da na je gidan Hajiya tukuna, don ba a sayen kayan mota ba da izinin mai ita ba. Ta sa aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, ta zauna daga bakin ƙofa, Nasiru yana tsaye. Na yi bayani daidai yadda zan iya.

Nasiru ya ce, "Yaya, makaniki da direba ai bakinsu ɗaya. Yau sensa, gobe wani abu."

Hajiya ta ɗaga masa hannu. "Malam Hamisu, ni ban taɓa cewa Malam Sabo ɓarawo ne ba. Amma mai yana tafiya, marayu nake ciyarwa da motar nan, kuma ba ni da wanda zan tambaya sai wanda ke riƙe da ita. In kai ne a matsayina me za ka yi?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, ban sani ba. Abin da na sani shi ne motar tana da ciwo."

"To a gyara. Amma kwaɗo yana nan sai na ga canji da idona."

Ban ga laifinta ba, har yau kuma ban gani ba. Na aika wa wani mai kayan gyara da na yarda da shi a Kano, na ce ta Kwatano nake so mai lamba iri ɗaya, kada ya haɗa ni da sabuwa mai ƙyalli a kwali wadda ba ta kai wata.

Kafin ta iso na fara jiƙo. Na kankare wurin da burushin ƙarfe har na ga layin da ya raba sensa da wuya. Na haɗa man birki da kananzir, na jiƙa tsumma na naɗe wurin, na bar shi ya kwana. Da safe na ƙara, na sake barinsa. Samari ba sa son wannan sashe na aikin saboda ba a ganin kana yin komai. Mai mota ya zo ya tarar kana shan shayi, motarsa a kan jak, ya ɗauka ka manta da shi.

Ranar da kaya ya iso na tayar da inji ya ɗan yi ɗumi na kashe. Na cire soket ɗin wayar, na zura sifana mai zobe lamba ashirin da biyu ta jelar har ta zauna. Kada ka kuskura ka sa mai buɗaɗɗen baki a irin wannan wuri, za ta murje kusurwoyin ta bar ka da abu mulmulalle. Na ɗan bubbuga wuyan da ƙaramar guduma, na matsa ta wajen ɗaurewa kamar yadda Baba Ila ya koya mana, sannan na dawo baya. Ko motsi ba ta yi ba.

Na kira Audu da wutarsa. Muka jiƙa buhunan algarara muka rufe tiyon mai da duk wayar da ke kusa, muka ajiye bokitin yashi. Na ce masa wuyan kawai zai gasa, kada harshen wuta ya taɓa bututu, kada ya taɓa sensar. Ana so wuya ya buɗe ne ya saki abin da ya riƙe, in ka gasa su tare sun kumbura tare, ba ka yi komai ba. Da ya fara ja na ce ya janye, na goga kyandir a layin, ya narke ya shige ciki. Malam Sabo yana zaune a kan wata taya da carbinsa. Tun safe bai tashi daga wurin ba.

Na mai da sifana na ja a hankali, sai na ji ta yi laushi. A nan ne ake raba makaniki da mai riƙe sifana, don laushi iri biyu ne. Akwai na abin da ya saki, wannan yana zuwa da 'yar ƙara, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Akwai kuma na ƙarfen da ya fara murɗewa zai tsinke, shi ba ya ƙara, sai dai ka ji sifana tana tafiya kamar a cikin tuwo. Wanda na ji na biyun ne. Na saki nan take na fito daga ƙarƙashin mota.

"Ta fito?" in ji Malam Sabo.

"Ba ta fito ba. Mu je mu yi salla."

Bayan azahar wurin ya huce sarai. Muka sake gasawa, na sake sa kyandir, na sake matsawa ta wajen ɗaurewa. A wannan karon ta yi ƙara, siririya, har Audu ya ji daga inda yake tsaye. Daga nan ban yi gaggawa ba. In kunce kaɗan, in mayar, in ɗiga mai, in sake kuncewa ya ɗan fi na baya. Kafaɗata ta mutu, ƙasar tsatsa ta cika mini ido da gemu. La'asar ta kusa lokacin da ta faɗo a tafin hannuna, kanta baƙi wuluk, ta cinye rabin nata tiredin ta bar shi a cikin wuyan.

Wannan ma yana da magani. Ina da wani tsohon babban fulogi da tiredinsa ya yi daidai da na sensa, na tsaga masa layuka a tsaye da zarton ƙarfe tun ina saurayi. Na shafa masa giris na murɗa shi a ramin da hannu, in shiga in fito, yana kwaso dattin a cikin tsagar, har ya riƙa shiga ba gardama. Sabuwar sensa na shafa wa tiredinta ɗan man hana tsatsa, ban bari ya taɓa kanta ba, don kan ne hancinta. Na fara murɗa ta da yatsu sai da ta zauna, sannan na sa sifana, sannan na jona waya. Na wanke fulogi, na cire kan batir na mayar, na tayar. Fitilar ta kama ta mutu, ba ta dawo ba.

Na miƙa wa Malam Sabo tsohuwar na ce ya kai wa Hajiya ta gani. Ya jujjuya ta ya mayar mini.

"Hajiya ba ta san wannan ba. Allurar mai ta sani."

Sitikar ce kawai ya karɓa, ya manna ta a saman gilashi inda ba ta rufe komai.

Ranar kasuwar Babura Nasiru ya bi shi gidan mai, ya buɗe, aka zuba, ya rufe, har ya shiga ƙarƙashi ya ɗaure tiyo da wani zare don ya gane in an taɓa. Da yamma ina haɗa kaya na ji hon sau ɗaya a bakin titi. Malam Sabo ne ya wuce, bai tsaya ba, ya ɗaga mini hannu ta taga. Aka ci kasuwar Roni, aka ci ta Gwiwa, aka sake zagayowa Babura, mota tana dawowa gida da saura.

Sai Hajiya ta aiko a kira mu mu biyu. A zauren nan dai, a kan tabarmar nan. Nasiru ba ya nan, aka ce ya je Yankwashi. Ta kunce bakin mayafinta ta ciro makullin kwaɗon ta ajiye a gaban Malam Sabo.

"Malam Sabo, mun ɗauki alhakinka. Ka yi wa Allah ka yafe mana."

"Ba komai, Hajiya. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Iyakar abin da aka faɗa ke nan. Da muka fito na ce masa ya biyo ta gareji, Audu ya yanke kunnuwan ƙarfen nan, in goge wurin in shafa farin fenti, ko alama ba za a gani ba. Na ce ba sai ya biya komai ba.

Ya tsaya yana kallon kwaɗon. "Bar shi, Malam Hamisu."

"A bar shi kuma? Bayan duk abin da ya jawo maka?"

"Ranar da aka sa shi duk tasha sun gani. In ka yanke shi a bayan gareji, wa ya gani? Sai a ce Hajiya ce ta gaji da biyo ni. Bar shi a wurinsa."

Haka motar ta ci gaba da yawo da ƙaton kwaɗonta har injin ya gama kwanansa. Na sha tarar da Malam Sabo a gidan mai ranar kasuwa, layi ya yi tsawo, 'yan tasha da masu babur duk suna nan. In layi ya zo kansa sai ya fito, ya zagayo ta gaban mota ba ta baya ba, ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa ya ciro makullin. Na baya suna ta hon, shi kuwa ba ya sauri. Ya buɗe, a zuba, ya rufe da hannunsa, ya mai da makullin aljihu, ya ɗan dafa shi sau ɗaya kafin ya shiga mota.